Daffayar Jegon Shatu

Shatu ta haihu cikin sanyi, a shekarun da aka fara ja wa gidajen cikin gari wayar lantarki, wadda mutanen Makka ke ce wa kahraba. Haihuwar fari ce, don haka a gidan uwarta Asiya ta sauka, can unguwar Ka'akiyya a gefen Makka, inda ɗakuna na langa-langa ne da buhu da ɗan dutse a gindi. Mace aka samu. Kowa ya zo barka, Asiya ta amsa wa kowa, amma tun daga ranar ta daina cin abinci.

Waɗanda suka zo Hajji lokacin zafi ba sa yarda ana sanyi a Makka. Ana yi. In ruwa ya sauka, iska kuma ta gangaro daga duwatsun Ɗa'ifa, langa-langa yakan yi sanyi har ya ciji hannu, kuma kowace kafa ta ɗaki sai ta riƙa hura maka iska a haƙarƙari. A irin wannan makon Shatu ta haihu.

Shekara biyu kafin nan, a wannan ɗakin, babbar 'yar Asiya, Rabi'atu, ta yi nata jegon. A Kano, inda iyayen Asiya suka taso, mai jego gadon ƙasa take hawa a hura mata wuta a ƙarƙashi. Nan babu gadon ƙasa, itace kuma ba ya samuwa, sai mata suka koma tura kaskon gawayi ƙarƙashin gadon igiya, a bi duk wata kafa a toshe da tsumma don kada sanyi ya shiga. Haka ake yi wa kowa, haka aka yi wa Rabi'atu. Da safe Asiya ta shiga da kunun kanwa ta tarar da ita a kwance, jaririn a ƙirjinta, fuskokinsu lumui kamar masu barci mai daɗi. Ta yi magana, ta girgiza ƙafarta. Kwanon kunun ko ɗigo bai zube ba. A hankali ta ajiye shi a ƙasa.

Mutane suka ce ajali ne. Asiya ma ta san ajali ne. Amma wani likita Bamisire da aka kirawo ya tsaya a bakin ƙofa, ya nuna kaskon da ƙafa, ya ce gawayi in aka rufe shi da mutum yakan cinye iskar ɗaki, mutum ya tafi bai ji komai ba. Sauran matan ba su riƙe maganar ba. Asiya ta riƙe. Rabi'atu 'yar fari ce, ba ta taɓa kiran sunanta ba don kunya, kullum sai dai "yarinyar nan", ko a zaman makoki ma ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Abin da ta yi kawai, ta kai kaskon bayan ɗaki ta kife shi, ta ɗora masa dutse.

Yanzu ga Shatu a kan gadon. Ga kuma Gwaggo Ramlatu, yayar marigayi mijin Asiya, ungozomar unguwar gaba ɗaya, wadda ita ta yanke cibiyar Rabi'atu da ta Shatu da ta wannan jaririyar. Gwaggo ta yi wa Shatu wankan ruwan zafi da ganye, ta ɗura mata kunu, sannan ta ce a kawo kasko. Asiya ta ce ba ta san inda yake ba. Gwaggo ta dube ta sama da ƙasa, ta ce kaskon da ya shekara ashirin a gidan nan ne zai yi ƙafa yau?

Daren farko aka lulluɓe Shatu da duk wani zane da bargo da ke gidan. Washegari ta tashi haƙoranta na haɗuwa. Gwaggo ta danna mata ƙafa da babban yatsa, ta nuna wa Asiya gurbin da ya zauna.

"Kin gani? Sanyi ya fara shiga. Ke kika haife ta, amma ni na san yadda mai jego take kumbura ta mutu. Wuta kike tsoro, sanyin fa ɗan'uwanki ne?"

Asiya ma ta yarda da wannan. Ta ga matan da sanyi ya kama a jego, ta ga yadda suka ƙare. In ta dubi gadon ta ga Shatu na rawar ɗari sai ta ji kamar ta je ta ɗauko kaskon. In ta tuna waccan safiyar sai ta fasa. Gwaggo ta ce ta ba ta zuwa yamma. In magariba ta yi babu wani abin ɗumi a ɗakin, ita da kanta za ta hura gawayi, ko a kwanon tuwo ne.

Asiya gyaɗa take sayarwa a gefen kasuwar Mudda'a, kuma kusa da inda take shimfiɗa tabarmarta akwai kantin wani Balarabe Bahadarame mai sayar da fitilu da risho da kayan ƙarfe na ƙasashen waje. Ta sha ganin attajirai masu gidaje a Ɗa'ifa suna fitowa da abin ɗumama ɗaki, wanda suke ce wa daffaya. Ta kwance murjanin da uwarta ta bar mata, ta ƙulle a bakin mayafi, ta kama hanya da ƙafa.

Mai kantin ya san ta, yakan sayi gyaɗa. Da ɗan Larabcinta ta gaya masa tana son ɗumi ga mai jego. Ya fara fito mata da ta kananzir, doguwa baƙa mai 'yar taga, ya ƙyasta ashana, harshen wuta shuɗi ya zagaye lagwani. Ya ce wannan kowa ke saya. Asiya ta ji warin, ta ja da baya har ta buge tarin bokitai. Ta tambaye shi ko ana rufe ƙofa da ita a yi barci. Ya ce gara dai a bar taga a buɗe. Ta ce ya kashe.

Sai ya kai ta ƙuryar kantin. Can ga waɗansu ƙarafa biyu a tsaye, farare, masu haƙarƙari jere kamar na akuyar da aka feɗe, da 'yan ƙafafu. Ya sunkuya bayan tebur ya yi wani abu da ba ta gani ba, ya ce ta jira. Suka jira, har ya sallami wani mai sayen gilashin fitila. Sannan ya kama bakin mayafinta ya ɗora a kan ƙarfen, ya ce ta taɓa. Ɗumi ne, irin na bayan jariri. Ta leƙa ƙasa, ta leƙa tsakanin haƙarƙarin, ba ta ga wuta ba. Ta kai hanci, ba ta ji komai ba.

Ya ce mai ne a ciki, an rufe shi ruf tun daga inda aka ƙera, ba ya ƙonewa, ba ya ƙarewa, ba a ƙara masa. Ɗaya ba ta da komai a jiki, in ta ɗauki zafi ta ɗauka ke nan. Ɗayar tana da ɗan makunni a gefe kamar kan famfo, in ka murɗa nan zafi ya ƙaru, in ka murɗa can ya ragu. Ya ce ga jariri mai makunnin ta fi, don ɗaki ƙarami yakan yi zafi da yawa.

"Babu hayaƙi?" in ji Asiya.

"Ma fi dukhan, ya hajja. Babu."

"A rufe ƙofa?"

"Ki rufe, ki sa sakata."

Sau uku tana maimaita tambayar ta wata fuska, sau uku yana ba ta amsa ɗaya, har ya fara dariya. Ta zaɓi mai makunnin. Ta kwance murjanin ta miƙa, ya juya shi a tafin hannu, ya karɓa. Shi bai tambaye ta ina za ta kai ba, ya ɗauka aike ne daga gidan wani Balarabe da take wa aiki. Ita kuma ba ta san akwai abin da ya rage ta tambaya ba.

Sabo mai jaki, wani dattijo Badamagare, shi ya ɗauko mata. Ya ga wata doguwar igiya baƙa a jikin ƙarfen mai ƙahonni biyu a baki, ya ce kai, Turawa sun iya aiki, har igiyar ɗauri suka haɗo. Da ita ya ɗaure daffayar a bayan jakin. Duk hanya yana zolayarta, wai Inna Asiya ta sayo akuyar da ba ta cin dusa, in ta haihu a ba shi 'ya ɗaya. Ta yi murmushi, wanda rabonta da shi tun kafin haihuwar.

Matan unguwa suka cika tsakar gida. Aka shigar da daffayar, aka tsayar kusa da gado. Asiya ta yi bismilla ta murɗa makunnin kamar yadda aka nuna mata, ta ce a jira, ba ta da gaggawa. Aka jira. Aka yi la'asar. Ta taɓa, sanyi. Ta murɗa ɗaya gefen. Wata ta ce a girgiza, ko man ne ya kwanta. Aka girgiza, suka ji motsinsa a ciki. Wata ta ce a sa a rana tukuna. Shatu tana kallonsu daga cikin bargo, leɓɓanta sun bushe, jaririyar na tsotso tana saki.

Gwaggo ta dafa ƙarfen, ta cire hannu da sauri.

"To, Asiya, madalla. Da sanyi ɗaya muke da shi a ɗakin nan, kin je kin sayo masa ƙane."

Mata suka yi dariya, ba don mugunta ba. Gwaggo ba ta yi ba. Ta zagaya bayan ɗaki, Asiya tana ji ta ture dutsen. Ashe tun tuni ta san inda kaskon yake.

Ana haka sai ga sallamar Tijjani, mijin Shatu. Direban babbar mota ne, lokacin Hajji yana ɗaukar alhazai zuwa Arfa da Muzdalifa, sauran shekara kuma duwatsun gini. Kullum da yamma yakan zo ya durƙusa daga waje ya gaida surukarsa, ita kuma ta amsa daga bayan labule a taƙaice, don tunda ya auri 'yarta ba su taɓa haɗa ido ba. Wata maƙwabciya ta ba shi labari tana dariya, ta janyo daffayar bakin ƙofa don ya gani. Ya ɗaga igiyar nan mai ƙahonni biyu, ya daɗe yana juya ta. Ya rasa yadda zai faɗa ba tare da ya kunyata surukarsa ba. Daga ƙarshe ya gaya wa maƙwabciyar, murya ƙasa-ƙasa, cewa abin lafiyarsa ƙalau, amma kahraba yake sha ta wannan igiyar, kuma daga nan har unguwar Kudai babu gida ɗaya mai waya.

Asiya ta ji daga bayan labule. Ta zauna a ƙasa. Daga tsakar gida ƙarar mafici ta fara tashi, fat, fat, fat, sai kuma warin nan ya shigo, warin gawayi sabon kamawa. Rabonta da jin sa a gidanta tun waccan safiyar. Ta dubi gadon. Shatu ta kwantar da jaririyar a ƙirjinta, daidai yadda Asiya ta tarar da Rabi'atu da jaririnta.

Maƙwabciyar ce ta tambayi Tijjani ko shi ya taɓa ganin irin wayar. Ya ce ai ɗakin da yake haya a unguwar Misfala cikin gari, mai gidan ya ja, akwai ƙwan lantarki ɗaya a sama da ramin soka waya ɗaya a bango.

Asiya ta tashi ta yaye labulen. Tijjani ya sunkuyar da kai har haɓarsa na taɓa gwiwa.

"Malam, motarka na kusa?"

"Tana bakin hanya, Inna."

"Matso da ita. Ɗakinka za mu."

Mafici ya tsaya. Gwaggo ta miƙe da shi a hannu, ta ce ko Asiya ta haukace ne. Mai jegon da ko suna ba a yi ba a fitar da ita cikin iska? Haihuwar fari a mayar da ita ɗakin miji da ɗanyen jiki? Kuma wa zai zauna da ita a can, ko ita Asiya ce za ta kwana a ɗakin surukinta, ta sha ruwa a randarsa? Ta ce tun daga Kano har nan ba a taɓa jin wannan ba, gobe duk Takari, mutanenmu na garin nan, sai sun ji, kuma da bakinsu za su cinye ta.

"Su yi ta magana, Yaya," in ji Asiya. "Wancan karon mun yi komai daidai, babu wanda ya ce mana komai sai Allah ya ji ƙanta."

Ba a taɓa jin ta ambaci abin ba.

Aka naɗe Shatu kamar gammo, Tijjani da Sabo, wanda bai riga ya tafi ba, suka ɗauke ta da gadon suka ɗora a bayan mota tare da daffayar. Asiya ta sa jaririyar cikin rigarta, fata da fata. Har an tayar da mota sai ga Gwaggo ta fito, ta juye garwashin a ƙasa, ta rungumo kaskon da ƙullin gawayi, ta ce a ja ta sama. Ta ce ba za ta bar 'yar ƙanenta a hannun mahaukaciya da ƙarfe ba.

Hanyar ba kwalta, iska kuma ta fi ta gida. Duk ramin da motar ta faɗa sai Shatu ta yi nishi. Asiya ta kwanta a kanta tana tare mata iskar da bayanta, tana karanta duk abin da ta iya. A ranta tana cewa in yarinyar nan ta mutu a hanya, ba gawayi ba ne, ba sanyi ba ne, ita ce.

Ɗakin Tijjani na dutse ne, a hawa na biyu, ƙarami, da taga ɗaya ta katako. Ana kiran magariba suka shiga. Ya cusa ƙahonnin nan biyu cikin ramin bango, ya murɗa makunnin, ya fita ya tsaya a matakala. Asiya ta durƙusa ta ɗora tafin hannunta a kan ƙarfen. Sanyi. Ta ƙi cirewa. Gwaggo ta zauna a bakin ƙofa da kaskonta a cinya, ta fara kwance ƙullin gawayin a hankali, yadda Asiya za ta ji. Shatu ta ce, "Inna, ƙafafuna ba na jin su." Asiya ba ta juya ba, don in ta juya za a ga fuskarta.

Sai ƙarfen ya yi ƙas. Ya sake yin ƙas, kamar ana fasa gyaɗa a nesa. Ta zaci fashewa zai yi, ta kusa ta fizge igiyar. Amma ƙarƙashin tafinta sanyin ya fara janyewa. Ba ta yarda ba, ta ce ɗumin hannunta ne. Ta matsa zuwa wani haƙarƙarin da ba ta taɓa ba. Shi ma haka.

"Yaya, zo ki taɓa."

Gwaggo ta taɓa da yatsa ɗaya, sannan da hannu duka. Ta leƙa ƙasa tana neman wuta kamar yadda Asiya ta yi a kanti. Ta taɓe baki ta ce wannan ko ruwan wanka ba zai tafasa ba, wankan nan kuwa sai an yi shi safe da yamma, a tsakar gida za ta hura wutarta kuma kada wanda ya ce mata tak. Asiya ta ce a tsakar gida ta hura duk yadda take so. Suka ja gadon kusa. Kafin isha'i Shatu ta ture bargo ɗaya da ƙafa. Asiya ta rage makunnin kaɗan, ta ƙara, ta sake ragewa, har Gwaggo ta ce ta bar shi haka kada ta murɗe masa wuya.

Tijjani ya ce daga matakala a masallaci zai kwana, kuma ƙofar ana iya rufewa. Asiya ta tura ta, hannunta ya ƙi ƙarasawa. Ta bar faɗin tafi ɗaya, ta zauna a wurin ta jingina da bango, ta yi niyyar ba za ta runtsa ba. Kwanakin da ta yi ba barci suka fi ƙarfinta.

Hasken safiya ne ya tashe ta. Ƙwan da ke sama a mace yake. Ƙas-ƙas ɗin nan babu. Ƙofar kuma a rufe ruf, Gwaggo ta ja ta da ta fita hura wutar wanka. Ɗakin shiru, irin shirun da ta sani. A kan gado ga Shatu a kwance rigingine, jaririyar a ƙirjinta, fuskokinsu lumui.

Da rarrafe Asiya ta tafi, kuma ba gadon ta fara nufa ba, don ba za ta iya ba. Ƙarfen ta dafa. Kahraba ta ɗauke tun ba a san lokaci ba, amma man da ke ciki bai saki ɗuminsa ba. Daga nan ta miƙa hannu ta kama ƙafar Shatu. Ƙafar na da ɗumi, har da ɗan gumi. Ta girgiza.

Shatu ta buɗe ido, ta ɓata fuska, ta ce, "Inna, yanzu fa na samu ta yi barci." Jaririyar ta motsa, ta buɗe baki ta tsala kuka.

Asiya ta zauna a ƙasa tsakanin gadon da daffayar. Kukan da ba ta yi ba shekara biyu ya zo mata gaba ɗaya, da ƙarfi, ba ta rufe baki ba. Shatu ta ji tana kiran wani suna a ciki, tana maimaitawa, sunan da ba ta taɓa ji a bakin uwarta ba.

Gwaggo ta turo ƙofa da kwanon kunu a hannu. Ta tsaya tana kallonsu, ta ajiye kwanon a kan daffayar don kada ya huce, ta fita ta bar ƙofar a buɗe faɗin tafi ɗaya.